Alawayyon Inna Tumba

Kwanakin baya 'yata ta kira ni daga Makka, ta juya mini wayarta cikin wani kanti mai fitilu kamar tsakar rana, tana nuna mini mayafai ɗaya bayan ɗaya. "Mama, wanne kike so? Ki zaɓa da sauri, mota na jiranmu." Na ce ta ɗauko wanda hannunta ya fara taɓawa. Ta yi dariya ta kashe. Na daɗe zaune da wayar a cinyata, don duk lokacin da take magana ni bayan kafaɗarta nake leƙe, ina neman kasuwar da na sani. Ban ga ko lungu ɗaya nata ba. Babu rumfunan nan masu duhu da ake rataye carbi kamar an shanya kuɓewa, babu hayaƙin turaren wuta da ke gauraya da warin zufa, babu masu dako da ke ihu a ba su hanya. Ƙasa ce mai santsi da gilasai, kowa da ledarsa a hannu.

A zamaninmu matar aure ba ta shiga kasuwa. Yarinya takan shiga da tallan fura ko ƙuli, ranar da aka ɗaura mata aure kuwa ta yi sallama da ita, gishiri da daddawa sai dai maigida ya sayo. Kasuwar Talata Mafara a bakin masu jakuna muke jin ta in sun dawo da yamma, suna faɗin yadda gero ya kwana. Saboda haka kasuwar farko da na taka da ƙafata bayan aure ta Makka ce, kuma mu uku muka shige ta, ni da Ige da Kulu.

Garinmu a bakin gulbi yake, cikin ƙasar Maradun. Ba sai na faɗi sunansa ba, yanzu kifi ke kwana a inda muke shanya gero. Hanya ɗaya ce ta ratsa shi, daga tsamiyar bakin gari ta bi ta maƙera, ta wuce rijiya da masallaci, ta karkace ta gangara har gulbi, gidaje dama da hagu kowa danga ɗaya da maƙwabcinsa. Da hantsi sai ka ji luguden turmi ya kama daga wannan kai zuwa wancan, kuma kowa ya san taɓaryar wace ce ta fi nauyi. A shekarun da ake gina madatsar Bakolori aka ƙara mana wasu sautukan, ƙugin manyan motoci da ƙarar fasa dutse wadda takan sa kaji su watse. An zo an auna gonaki, an shafa fenti a jikin bangaye da itatuwa, an ce ruwa zai zo, za mu koma tudu. Mun ji da kunne, amma bai shiga jikinmu ba. Wanda ya tashi ya ga gulbi yana kawo ruwa da damina ya janye da rani, da wuya ya yarda akwai ruwan da zai zo ya zauna. Da aka ba maza abin da aka ba su a kan gonaki, wasu suka sayi keke da rediyo. Namu mazan su uku suka ce gara a sauke farali kafin abin ya narke a hannu, kuma kowa ya tafi da matarsa.

Tare muka tashi mu ukun, rijiya ɗaya muka ja. Kulu ce mai baki, ta yi tallan gyaɗa a Mafara tana yarinya, don haka tana ganin babu ɗan kasuwar da zai cuce ta a duniya. Ige kuwa mai sanyi ce, in ta ce za ta yi abu sai ta yi shi a jere yadda ta tsara, ko da tuwo na ƙonewa. Ni ina tsakaninsu, ina rabon faɗa.

Ana gobe za mu tashi, muna ɗakin Ige muna ɗaure kaya, sai ga Inna Tumba tana dogara sanda. Ita ce ungozomar garin, ita ta yanke cibiyarmu mu duka ukun, ta kuma yanke ta 'ya'yanmu. Gidanta ne na ƙarshe kafin gulbi, ita kaɗai take ciki, idonta ya soma hazo. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kwana da gajiya da yara da sanyi, sannan ta zauna a bakin gado ta kwance wata igiyar kaba daga hannunta.

"Ige, zo nan. Ban son dabino, ba ni da haƙoran tamna shi. Ban son zobe. Alawayyo nika so, hwari tas, ki tsoma min shi ga zamzam. Wagga igiya tsawona ce, na kwanta na sa an auna. Sauran lissahin mai tuhwahi ya san shi."

Kulu ta ce, "Haba Inna, wa ka maganar likkahwani ga mai tahiya? Ke da za ki yanke cibiyar jikokinmu!"

"Ke yi min shiru, uwar surutu. Tun ranar da kinka hwaɗo hannuna da ihu kinka zo." Ta juya ga Ige. "Na ba ki amana. Ki kawo min da hannunki, in taɓa shi tun ina ji."

Ige ta ce, "In Allah ya yarda, Inna." Ta ɗaura igiyar a ƙugunta ƙarƙashin zane, kuma ba ta kwance ta ba har muka yi Arfa muka yi jifa.

Sai da aka gama aikin hajji mazan suka ce mu je mu yi tsarabarmu, su ba za su iya da zaɓen mata ba. Kasuwar tana daf da Harami, lunguna ne rufaffu masu hawa da gangara, wani da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Muka shiga riƙe da gefen mayafin juna kamar makafi. Ban taɓa sanin Allah ya yi mutane kala-kala haka ba. Ga gajerun mata fararen Jawa, mutanen Indunusiya, suna tafiya a layi, ga dogayen Turkawa, ga wasu baƙaƙe irinmu da muka yi wa sallama da Hausa suka amsa da wani yare. Masu kanti kuwa sun iya ɗan abin da za su kama mu da shi. "Hajiya, zo! Kaya mai kyau! Araha!" Duk wadda aka ce wa Hajiya sai ta waiwaya, don sunan sabo ne a kunnenmu, bai gama zama ba.

Kulu ce ta fara ciniki, a kan wata butar shayi mai ruwan zinariya. Balaraben ya nuna kuɗin da yatsu. Ta riƙe haɓa ta yi salati, ta taya rabin rabi, ya ɗaga gira ya yi ƙwafa. Ta raɗa mana, "Ku biyo ni, kada wadda ta waiga. Kahin mu kai wancan lungu shina kiranmu." Muka tafi a hankali, kunnuwanmu a baya. Muka kai lungun, muka wuce shi, babu wanda ya kira. Da muka juyo, wani mutumin Pakistan na naɗe butar a takarda. Kulu ta tsaya baki buɗe.

"Wanga ba ɗan kasuwa ba ne! Ko albarka bai ce ba!"

Ige ta ce, "Kulu, nan ba Mahwara ba ce. Duniya dut ta zo mashi, mi zai yi da ke?"

Haushin butar ne ya kai ta wurin mai sa haƙori, ta fito da haƙorin Makka a gaba, kuma daga ranar har muka dawo ba ta ƙara rufe baki ba, ko ana zancen mutuwa sai ta ɗan yaye leɓe.

Ni da Kulu sayayyarmu ta kan mai uwa da wabi ce, carbi dami guda, zobba cikin tafi, kwalli, dabino, da ɗan akwatin leƙen nan na yara mai hoton Ka'aba a ciki, in an koma a raba yadda ya samu. Ige ba haka ta yi ba. A lokacin babu wadda ta iya rubutu a cikinmu, ni ma sai daga baya na shiga yaƙi da jahilci. Sai ta sayi wani dogon ƙyalle, ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta rufe ido, leɓunanta na motsi. Garinmu take shiga. Ta fara daga tsamiya. "Gidan maƙera, uwargida na son turare, tsohon carbi mai manyan ƙwayoyi don hannunshi ya yi kanta." Ta buɗe ido ta saya, ta ƙulle a bakin ƙyallen. Ta sake rufewa. "Mun ƙetare kwata, gidan Liman." Ta saya, ta yi ƙulli na biyu kusa da na farko. Haka take bi danga bayan danga, ba ta tsallake kowa, ƙullin na bin ƙulli yadda gida ke bin gida. Ba ta sa wata alama, jerin shi ne alamar. Wani mai turare ya ɗauka addu'a take, ya ɗaga wa sauran masu saye hannu su yi shiru, ya tsaya jiranta da ladabi. Kulu ta zungure ta.

"Ige, hito garin nan haka nan, Balarabe na jiran ki. Ina kike yanzu?"

"Ina bakin rijiya."

"To ɗebo muna ruwa, ƙishi nika ji."

Kwanaki muka yi muna komawa kasuwar kafin Ige ta gangara zuwa gulbi. Ranar da ta iso gidan ƙarshe, muka nemi layin masu yadi. Wani dattijo ne mai jan gemu, zaune a kan darduma tsakanin bandir-bandir na fararen yadi. Ya miƙo sandar awonsa, Ige ta girgiza kai, ta juya baya ta kwance igiyar kabar daga ƙugunta, ta miƙe ta a kan yadin. Igiyar ta yi baƙi da zufa, ta kuma yi gajarta ƙwarai, don Inna Tumba 'yar ƙarama ce. Dattijon ya dubi igiyar, ya dube mu. Ya tambaya da hannu, namiji ko mace? Ige ta taɓa ɗankunnenta. Ya ce wani abu a hankali wanda muka gane addu'a ce, ya ajiye sandar, ya karɓi igiyar da hannu biyu, ya riƙa aunawa da ita yana ninkawa, yana ƙara tazara a kowane ninki. Da ya faɗi kuɗin, Kulu ta gyara tsayuwa ta buɗe baki. Ige ta riƙe mata hannu.

"Ba a taya wanga."

"Komi a kan taya, ko likkahwani ne."

"Ba wanga ba, Kulu."

Shi ne kaɗai abin da muka saya a Makka ba mu ce uffan ba. Washegari da hantsi muka ɗebo zamzam a bokiti muka tsoma shi, muka hau rufin masaukinmu muka riƙe shi mu uku, kowa da kusurwarta, iska na kaɗa shi. Da na duba sauran rufunan, ashe ba mu kaɗai ba ne, ko'ina fararen yadi ne a shanye, na Jawa da na Turkawa da na waɗanda ban san ƙasarsu ba. Muka riƙe shi har ya bushe. Ige ta ninke shi, ta sa igiyar a ciki, ta ƙulle a ƙarshen ƙyallen.

Da muka dawo, mota ta sauke mu a tashar Mafara. Ƙanen maigidana ya tarbe mu, aka yi barka da sauka, aka ɗora kaya. Da muka kama hanya sai na ga an bar kwanar garinmu. Na ce an yi ɓatan kai. Ya ce, "Ba can za mu ba, Hajiya. An tashi." Ruwa ya taso bayanmu, ya ci fadama, ya shigo gidajen gangare, aka kwashe mutane. Ya nuna mana da hannu daga kan tudu. Fari ne fetal har inda ido ya tsaya, sai kan tsamiyar nan a tsaye cikinsa.

'Ya'yanmu da iyayenmu muka same su lafiya a sabon wurin, gidaje a layi a kan ƙasa mai tsakuwa, an raba su yadda kuri'a ta faɗa. Wanda kuke danga ɗaya da shi tun kakanni yana can wani layin, na kusa da kai baƙo ne daga wani ƙauyen da ruwa ya ci. Da yawa ma ba su zauna ba, sun bi dangi. Ige ko ruwan sauka ba ta gama sha ba ta tambayi Inna Tumba. Babu wanda ya sani. Gidanta ruwa ya fara shiga, an fitar da ita tun kafin sauran su ɗaure kaya. Wani ya ce ya gan ta a kan jaki, wata ta ce a amalanke ne, an yi yamma da ita. Ga sanyi ya shigo, kuma tsofaffi ba su jure sabon wurin ba a shekarar, kusan kowane mako sai an fita da wani.

Kulu ta ce a kwance ƙyallen a raba wa waɗanda ke kusa, a ɗauki alawayyon a bi gari-gari ana cigiya. Ige ta ce ita daga tsamiya za ta fara. Suka yi cacar baki sosai.

"Tsohuwa na can cikin wanga sanyi, ke kina nan kina bin layi! In ta cika an naɗe ta ga wani tsumma, mi za ki ce ma Allah?"

"Gari-gari ina? Wane gari? In na kwance tsakiya, jerin ya ɓace min, ban san na wa ne na wa ba."

Ban goyi bayan Ige ba a lokacin, na ga kamar taurin kai ne. Amma ita ke da ƙyallen, sai muka bi ta. Sabuwar Hajiya tana da izinin fita kai tsaraba, mazan ba su hana ba. Maƙera suna nan sabon gari, muka kai musu ƙullin farko. Da aka gama gaisuwa Ige ta tambayi gidan Liman, uwargidan ta ce ai tare suka loda kaya, sun tafi Janbako wurin ƙanensa. A Janbako matar Liman ta shafa turarenta ta yi kuka, ta ce na jikin gidansu suna Maradun cikin gari. A nan na fara gane abin da ke faruwa. Ranar tashin nan babu wanda ya ga gari duka, kowa maƙwabcinsa kawai ya gani, wanda suka kama wa juna ɗaukar turmi da gado. Kowane gida ya san inda gida ɗaya ya nufa, na gaba da shi. Ƙullin Ige kuwa a jere suke.

Haka muka yi ta bi, wata rana a motar kasuwa, wata rana a ƙafa ta kan gaɓar sababbin magudanan ruwan da ake haƙawa. Ƙyallen na raguwa, yana sauƙi a kan Ige. Inda duk muka shiga sai an taɓa haƙorin Kulu, sai an tambaye mu labarin wasu, mu kuwa muna da shi, don daga can muke. Gidan da ke kusa da na Inna Tumba a Morai muka same su. Maigidan masunci ne, ya ce shi ya ɗauko ta a kwalekwale ya miƙa ta ga wani jikan 'yar'uwarta, mutumin Dakko ta wajen Bakura. Ya ce tana tari tun ranar. Muka kama hanyar Dakko.

Mun same ta kwance a rana a kan tabarma, bayan wani rumbu, an lulluɓe ta da buhu. Ta ƙara ƙanƙancewa, idon ya rufe gaba ɗaya. Muka yi sallama muka durƙusa.

"Wa ke nan?"

Kulu ta ce, "Alhazai ne, Inna."

"Uwar surutu. To ina mai amanata?"

Ige ta kwance ƙullin ƙarshe ta ɗora mata a ƙirji. Inna Tumba ta shafa shi tun daga wannan gefe har wancan, ta kai hanci ta shaƙa, ta laluba ta ji igiyarta a ciki. Ta ce, "Kin daɗe." Ige ta ce, "Na biyo ta cikin gari ne, Inna." Tsohuwar ta ce a tayar da ita zaune. Tun da aka kawo ta nan babu wanda ya iya gaya mata inda kowa yake, mutanen gidan ba su san garinmu ba. Ta ce Ige ta faɗa mata, kada ta yi sauri.

Ige ta rufe ido kamar yadda take yi a kasuwar Makka. Ta fara daga tsamiya. Maƙera suna sabon gari, tsohon ya samu carbinsa. Liman na Janbako. Masu rini na Maradun, sun yi haihuwa, namiji. Tsohuwar na gyaɗa kai, alawayyon a rungume, wani gidan ta tambayi wata da suna, wani ta ce Allah ya jiƙan wane. Suka wuce rijiya, suka wuce masallaci, suka karkace suka soma gangara. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kin tsallake gidan Ɗan Amo."

"Inna, ai kango ne. Ba kowa cikinai tun ba a haihe mu ba."

"Ko ba kowa, ta ƙohwarshi a ka wucewa. Koma."

Ige ta koma bakin masallaci, ta sake gangarowa, ta ambaci gidan Ɗan Amo, sannan ta wuce zuwa na masunci, ta tsaya a gidan ƙarshe kafin gulbi. Inna Tumba ta ce, "To, na iso." Ta sa aka kwantar da ita, ta tusa alawayyon ƙarƙashin kanta. Ba ta kai damina ba, kuma a cikinsa aka sa ta.

Ige ta riga mu gidan gaskiya, Kulu ta bi ta, an binne ta da haƙorinta. 'Yata ta dawo da mayafin, mai kyau ne, da jaka guda ta carbi iri ɗaya wadda ta ajiye a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo barka ya ɗauki ɗaya. Ban ga laifinta ba, ba ta da hanyar da za ta bi ta rufe ido. Jikokina in sun je yawo bakin dam sukan dawo su ce mini ruwan na da kyau, kuma gaskiyarsu ne, ko kan tsamiyar ba a gani yanzu. Ni dai in na zauna tsintar shinkafa da hantsi, hannu na aiki, nakan shiga ta tsamiya in bi a hankali har gulbi. Ba na tsallake gidan Ɗan Amo.